Yadda nake ɗaukar hoton hayaƙin taurari daga fakon bayan gidanmu

Sana'ata hoto. Biki, suna, saukar Alƙur'ani, fasfo na 'yan makaranta, da su nake riƙe gida a ƙauyenmu da ke tsakanin Ringim da Taura. Kyamarar da nake yawon gidajen biki da ita, Canon 600D ta hannu da na saya a Kano, ita ce dai nake ɗaura wa madubin hangen nesa idan dare ya yi. Tun da na fara sa hotunan sama a Facebook, tambayar da ta fi yawan zo mini a kan ƙananan zobban nan ce masu launin shuɗi-kore da jan baki: mene ne su, kuma da gaske a Jigawa aka ɗauke su? A fakon bayan gidanmu aka ɗauke su, ga kuma yadda ake yi.

A fara sanin abin da ake farauta. Tauraro irin ranarmu, ko wanda ya ninka ta nauyi har zuwa wajen sau 8, idan makamashin cikinsa ya ƙare ba ya fashewa. Kumbura yake yi ya yi ja, sannan ya riƙa tuɓe iskar da ke lulluɓe da shi yana watsarwa, tana tafiya da gudun kilomita 20 zuwa 30 a daƙiƙa. Abin da ke saura a tsakiya ƙwayar tauraron ce tsirara, 'yar ƙarama, mai zafin da kan haura digiri 100,000, alhali fuskar ranarmu wajen 5,500 ce. Hasken wannan ƙwaya ne ke dukan iskar da aka tuɓe har ta haskaka. Masana suna ce wa abin nebula mai kama da duniya. Ni hayaƙin tauraro nake cewa, haka kuma yaran unguwarmu suka ɗauka. A lissafin sama ba ya daɗewa, shekara 10,000 zuwa 20,000 ya baje ya ɓace.

Na farko da aka gano shi ne wanda zan ce kowa ya fara da shi. Wani Bafaranshe mai farautar taurari masu wutsiya, Charles Messier, ya ci karo da shi a 1764 ya sa shi na 27 a jerinsa, shi ya sa ake ce masa M27. William Herschel, wanda ya gano duniyar Yuranus a 1781, shi ya ga ire-irensu ƙulu-ƙulu kore-kore kamar duniyar tasa, sunan ya samo asali ke nan. Amma labarin da ya shafi mai kyamara na 1864 ne, lokacin da William Huggins a Landan ya rarraba hasken wani daga cikinsu, wanda ake ce wa Idon Kyanwa. Maimakon cikakken bakan gizo irin na tauraro sai ya ga 'yan layuka ƙalilan, mafi ƙarfinsu kore. An daɗe ana zaton wani sabon sinadari ne da babu shi a duniya, sai a 1927 Ira Bowen ya nuna oksijin ce kawai, a cikin iskar da ta yi tsananin sirantaka. A ma'aunin launin haske, koren layin nan yana kan nanomita 500.7, jan layin haidurojin kuma yana kan 656.3. To, kyamarar biki tana da wani gilashi a gaban sensarta, wato farantin da hoto ke sauka a kansa, gilashin kuma yana tare mafi yawan jan nan mai duhu, don kada fuskar amarya ta fito jajir. Koren kuwa yana wucewa salin alin. Saboda haka mai kyamara irin tawa zai sha wuya a kan manyan gizagizan sama jajaye, amma hayaƙin tauraro kamar don shi aka yi.

Kafin maganar kaya, maganar lokaci, domin nan ne bidiyoyin Turawa ke ɓatar da mu. Za su ce maka M27 da M57, ɗan zoben da ke na 57 a jerin Messier, na watan Yuni zuwa Agusta ne. A wajenmu wannan damina ce, Agusta ma marka, sai ka yi sati uku ba ka ga tauraro ba. Idan ka jira ɗari kuma, buji ya sauko su kuma sun faɗa yamma. Tagarmu 'yar ƙarama ce: daga an gama yankan gero zuwa kafin a shiga girbin dawa, wato ƙarshen Satumba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya wanke sama tas, hazo bai iso ba. A satin farko na Oktoba, kana fitowa daga sallar isha'i M27 yana kusan saitin kanka, digiri 79 daga ƙasa, M57 ya ɗan karkata yamma, babban zoben da ake kira Helix kuma zai kai ƙololuwarsa ta kudu wajen ƙarfe 10, a digiri 57. Mutumin Landan ba ya samun Helix sama da digiri 18. Ni duk shekara ina rage karɓar aikin dare a waɗannan makonni shida, masu biki sun san haka.

Sai wata. Nan ba ma bukatar manhaja, kowa a gari ya san yau nawa ga wata. Daga 19 ko 20 ga wata farkon dare duhu ne, domin wata yana ƙara makara da kusan minti 50 kullum, har ya zama ba ya fitowa sai asuba. Daga nan har 3 ko 4 ga sabon wata filinka ne. Ka duba inda waɗannan kwanaki suka faɗa a cikin Oktoba tun damina ba ta ƙare ba, ka shirya.

Wurin aiki na fako ne mai tauri gabas da gari, kusa da masussuka, inda gidaje suka tare mini fitilun sola na bakin masallaci, kuma arewa a buɗe take babu kuka babu darbejiya. Hasken Kano yana nan can ƙasa-ƙasa ta yamma kamar gobarar daji mai nisa, shi ya sa ba na bin abu idan ya gangara ƙasa da digiri 35 ta wannan ɓangaren. Kada ka fita da bututu mai ƙafa uku cikin dare ba ka gaya wa kowa ba. A halin da ake ciki yanzu, wanda ya hango ka daga nesa ba madubi zai zata ba. Ni da rana tsaka na ɗauki kayan na kai ƙofar mai unguwa na harhaɗa su a gabansa, na ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da za a riƙa gani da ni a bayan gari." Ya leƙa ya ga kan hasumiyar masallaci a juye, ya sa aka gaya wa 'yan sintiri. Takalmi sau-ciki dole ne, kaka lokacin kububuwa ne da kunama. Tocila kuma a naɗe mata jar leda ninki uku, domin ido yana ɗaukar kusan rabin awa kafin ya saba da duhu, farin haske na daƙiƙa ɗaya ya mayar da kai farko.

Kayana ba su da yawa. Madubi irin na Newton mai faɗin milimita 130 da tsawon haske milimita 650, mazauni mai inji da ke bin juyawar sama, zoben T da ke haɗa kyamara da bututu, rimot mai ƙidaya, da batirin sola mai bolt 12. Raguna biyu na kiwata na sayar kafin na haɗa madubin da mazaunin, duka na hannu. Mai sayen madubin Newton ya tabbatar wanda aka yi don hoto ne, domin da yawa daga na kallo ba sa barin kyamara ta matso ta kai inda hoton ke kaifi. Idan kuɗinka na abu ɗaya ne, sayi mazauni ka ɗora lensinka mai milimita 300 a kai. Ga lissafin: ka ninka girman ɗigon sensa da 206 ka raba da tsawon haske. Ɗigon kyamarata maikuron 4.3 ne, a kan 650 ke nan kowane ɗigo yana cin daƙiƙar kusurwa 1.4 na sama (daƙiƙar kusurwa kashi ɗaya ce cikin 3,600 na digiri). M27, wanda faɗinsa kwatan farin wata ne, yana ɗaukar ɗigo wajen 350 cikin 5,184 na faɗin hoton, M57 kuwa 60 kacal. A kan lensin 300 ka raba kowace lamba gida biyu. Akwai kuma ƙananan na'urori masu yin komai da kansu ta waya, irin su Seestar S50, waɗanda ba ruwansu da neman tauraron arewa. Ga M27 da Helix suna da kyau ƙwarai, M57 dai zai fito kamar ƙwayar gero.

Yanzu ga inda aikin yake. Sama tana juyawa digiri 15 a awa, kuma a kan tsawon 650 tauraro yana tsallake ɗigo 11 a daƙiƙa guda. Mazauni yana gyara wannan ne ta juyawa a kan sanda ɗaya, amma sai sandar ta kalli cibiyar sama ta arewa daidai. Tsawon cibiyar daga ƙasa daidai yake da nisan garinka a digiri daga layin da ya raba duniya kudu da arewa, mu kuwa muna digiri 12 da 'yan kai. Miƙa hannu ka dunƙula: dunƙule ɗaya digiri 10 ne, ka ƙara yatsa biyu. Iyakar tsawon tauraron arewa ke nan a wajenmu. Kan bishiya ya isa ya rufe shi, ƙurar shanun da suka dawo kiwo ta isa ta dusashe shi, hazo kuwa shafe shi yake yi ɗungum. A daren Oktoba taurari bakwai ɗin nan masu kama da ludayi da ake nuna shi da su suna ƙarƙashin ƙasa, sai dai ka bi ta Cassiopeia mai siffar W a arewa maso gabas. Ko ka same shi ma, shi kansa ya kauce wa cibiyar da wajen kashi biyu cikin uku na digiri. Kakar farko dare uku na yi ina samun taurari dogaye kamar shinkafa, saboda na yarda da lambar 12 da ke jikin mazaunin da kamfas ɗin waya, wanda ƙarfen ƙafafun ke ruɗawa.

Abin da ya fisshe ni dabarar inuwa ce, irin wadda malamai ke gane zawali da ita. Da hantsi na share fakon, na duba shi da ma'aunin magina mai ƙwayar ruwa, na kafa sanda na daidaita tsayuwarta da igiya mai dutse. Na sa alama a bakin inuwar, na ɗaura igiya a gindin sandar na zana da'ira da ta bi ta kan alamar. Inuwa ta yi ta gajarta, ta juya, bayan azahar bakinta ya sake taɓa da'irar, na sa alama ta biyu. Layin da ya haɗa alamun nan biyu gabas da yamma ne na haƙiƙa, wanda ya ratsa tsakiyarsa daga gindin sandar shi ne kudu da arewa. Na ja shi da kirtani na buga ƙusa biyu. Ba waya, ba tauraro.

Da na ɗora mazaunin a kan layin sai wata matsala ta fito wadda mutanen Turai ba su san ta ba. Su sandar tasu tana ɗage digiri 45 ko 50. Tamu kusan kwance take, don haka ƙarfen nauyin da ke daidaita bututu yana bugun ƙafar da ke arewa. Na juya ƙafafun yadda ƙarfen zai faɗa tsakanin ƙafa biyu, na rataya buhun yashi a tsakiya don kada nauyin ya rinjayi kayan su kifa. Ka jarraba wannan da rana, hannunka a kan bututun.

Layin inuwa yana kai ka kusa, kyamara ce ke ƙarasawa. Zaɓi tauraro matsakaici da ke ɗan kudu da saitin kanka. Sa ISO ƙasa, saita rimot a daƙiƙa 125. Danna, bar shi daƙiƙa 5 ya yi ɗigo, sannan riƙe maɓallin yamma a mafi ƙarancin gudu daƙiƙa 60, ka saki ka riƙe na gabas daƙiƙa 60. Duba hoton. Idan layin dawowa ya hau kan na tafiya ya zama zare ɗaya, ka dace. Idan ya buɗe kamar bakin almakashi, murɗa notinan gefe kaɗan ka sake. Bakin ya ƙara buɗewa, ka san baya za ka yi. Idan ya rufe sai ka koma kan wani tauraro a gabas sosai, dunƙule biyu ko uku daga ƙasa, ka maimaita, amma wannan karon notin ɗagawa da saukarwa za ka taɓa. Daren farko ya ci mini awa biyu. Washegari ban motsa ƙafafun ba sai da na haƙa ramuka uku a gurbinsu, na zuba siminti, na dangwala ƙafafun a ciki tun yana ɗanye suka bar shaida. Yanzu in na zo ajiyewa kawai nake yi, gwaji ɗaya ko biyu, minti goma na gama. Duk abin da na rubuta a nan, in abu ɗaya za ka ɗauka, ɗauki simintin nan.

Kaifin hoto da hannu ake saita shi. Na yanka murfin kwali mai tsaga-tsaga kashi uku irin wanda wani ɗan Rasha, Pavel Bahtinov, ya ƙirƙira, ana samun zanensa a intanet. Ka rufa shi a bakin bututu ka nufi Vega: za ka ga layi biyu sun gitta, na uku yana yawo. Idan na ukun ya zauna a tsakiya cif, ɗaure notin, cire kwalin. Ka sake dubawa bayan awa guda, domin bututu yana takurewa idan dare ya yi sanyi.

Neman M27 ba wuya. Ɗaga kai za ka ga manyan taurari uku sun yi murhu: Vega, Deneb da Altair, duka sunayen daga Larabci suke, Altair mikiya mai tashi, Vega mikiya mai sauka, Deneb wutsiya. Arewa da Altair akwai 'yan taurari huɗu a siffar kibiya. Sa tauraron tsinin kibiyar a tsakiyar hoto, kada ka taɓa juyin gabas da yamma, tura bututun arewa digiri 3. Ɗauki gwaji na daƙiƙa 10 a ISO 6400, za ka ga wani tabo kore kamar turmi an tsayar. Manhajar Stellarium kyauta ce kuma tana aiki ba data, sai dai a kunna jan allonta.

Daga nan sai haƙuri. RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta matse ba, ba JPEG ba. ISO 1600, daƙiƙa 30 kowane hoto, a bar daƙiƙa 3 tsakani. Mazaunina ba ya wuce daƙiƙa 40 taurari ba su fara ja ba, kuma ba na tilasta masa. Hoto 120 awa guda ke nan, ya isa a fara. Yashi-yashin da ke cikin hoto yana raguwa ne da yawan abin da ka tara, amma sai ka ninka lokaci sau huɗu kafin tsabtar ta ninka biyu. Zafi yana ƙara shi, don haka ina kashe allon kyamara in buɗe shi gefe don jikinta ya sha iska. Duk bayan hoto goma nakan ɗan gusa bututun kaɗan da maɓalli, don lalatattun ɗigogin sensa kada su zauna wuri guda.

Raɓa ce ta ci ni a kakar farko. Muna kusa da fadamar kogin Haɗeja, raɓar kaka kuwa sai ka ce yayyafi. Na saita komai na koma kan tabarma ina jin ƙarar kyamara tana aiki, raina fes. Wajen sha ɗaya na leƙa sai na ga taurarin sun kumbura kamar auduga. Ƙaramin madubin da ke bakin bututu ya jiƙe, hoto 90 cikin 130 sun tafi. Kada ka goge shi da tsumma, za ka karce shi. Yanzu ina naɗa tabarmar roba baƙa a bakin bututun ta zarce da kamu ɗaya da rabi, ga kuma ɗan ɗamarar ɗumi mai aiki da fawa banki. Mai lensi ma haka zai yi.

Kafin ka naɗe kaya akwai hotuna iri uku marasa daɗin ɗauka waɗanda su ne ke wanke aikin. Rufe bakin bututu ka ɗauki 25 da daƙiƙa da ISO irin na aikin, nan take kafin yanayi ya canja, su ne za su nuna zafin sensa. Ɗauki wasu 40 a rufe a mafi saurin da kyamara ke iyawa. Na ukun su ne mafi muhimmanci a ƙasar ƙura: ba tare da ka kwance kyamara ko ka taɓa kaifi ba, ɗaura farin yadi ninki biyu a bakin bututu, ka haska shi da farin allon kwamfuta ko ka jira sama ta yi fari bayan asuba, ka ɗauki 30 a hasken da tudun jadawalin kyamara zai tsaya kusa da tsakiya. Su ke cire inuwar ƙurar da ke kan sensa da duhun kusurwoyi. Kada ka buɗe cikin kyamara a fili, a ɗaki ake haɗawa. Kayana a bokitin roba mai murfi suke kwana.

Haɗawa a kwamfuta nake yi da Siril, kyauta ce. Tana son jaka huɗu, ta hotunan aiki da na gyara ukun, sai ka kunna umarninta na kyamara mai launi ka tafi harkarka. Kafin nan ka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya ka zubar da wanda iska ta girgiza ko tauraron ɗan'adam ya ratsa ta tsakiya. Ka tanadi fili sama da gigabait 50, in babu ka yi amfani da DeepSkyStacker da ba ta cin wuri haka. Abin da zai fito baƙi ne ƙirin, kada gabanka ya faɗi, hasken yana ciki. Yanke gefuna, cire rashin daidaiton bango, gyara launi da taurari, wannan matakin yana son intanet na ɗan lokaci, sannan ka riƙa jan hasken sama a hankali. Abu biyu nake roƙon masu farawa. Kada a mai da bango baƙi kamar gawayi, siraran gefunan hayaƙin a nan suke ɓuya. Kada kuma a cika launi. Mu masu hoton biki hannunmu ya saba da ƙara armashi, amma nan launin shaida ce: shuɗi-koren ciki oksijin, jan baki haidurojin da naitirojin. Idan ka mai da shi shuɗin bula ka ɓata labarin.

Ranar da M27 ya fito mini sosai, Kawu na fara kai wa. Shi ne mai lissafin taurarin noma a gidanmu, tun daga Surayya yana ƙirga kwana goma sha uku-uku ya gaya maka lokacin shuka, kuma da farko bai saki jiki da aikin nan ba, ya taɓa tambayata ko duba na fara. Na buɗe masa kwamfutar a zaure. Turmin yana nan kore, kunnuwansa biyu sun cika shi ya zama kamar ƙwai, ja a bakin sama da ƙasa, ga wani ɗan ɗigo fari a tsakiya cif. Ya sa yatsa a kan ɗigon ya ce, "Kai ɗan nan, wannan fa?" Na ce, "Kawu, shi ne mai hayaƙin. Abin da ya rage nasa ke nan." Na gaya masa nisansa wajen shekarar haske 1,300 ne, wato hasken da ya faɗo cikin bututuna ya baro can tun kafin Bagauda ya zo Kano. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ikon Allah." Daren da ya biyo baya da buzunsa ya zo fakon.

M57 yana tsakanin taurari biyu na ƙasan ɗan murabba'in da ke rataye da Vega, Sheliak da Sulafat, ya ɗan fi kusa da Sheliak. Messier ya gan shi a 1779, nisansa wajen shekarar haske 2,500. Ƙarami ne amma mai haske, daƙiƙa 20 ta ishe shi, in ka wuce haka zoben zai ƙone ya rasa launi. Abin da yake so kaifi ne da daren da taurari ba sa ƙyaftawa da yawa. Ka ɗauki da yawa ka zaɓi rabin da suka fi kyau.

Helix akasinsa ne. Yana cikin burujin Dalwu, dunƙule ɗaya arewa maso yamma da Fomalhaut, babban tauraron nan da ke zaune shi kaɗai a kudu, wanda sunansa ke nufin bakin kifi. Yana daga cikin mafi kusa da mu, shekarar haske 650, hasken zamanin Sarkin Kano Yaji da zuwan Wangarawa. Zobensa ya fi rabin farin wata faɗi, amma hasken a baje yake, shi ya sa mutanen birni ke shan wahalarsa har sai sun sayi rariyar haske mai barin layukan oksijin da haidurojin kaɗai su wuce. A duhun ƙauyenmu yana fitowa a gwajin daƙiƙa 30 ba rariya. Sai dai fitowa daban, kyau daban: awa ɗaya za ta ba ka zobe mai yashi, sai na tara awa huɗu a dare uku kafin jan gefen waje ya bayyana. Nan ne simintin ke biyan kuɗinsa, domin kowane dare a gurbi ɗaya kake farawa. Mai lensin 300 shi ma wannan nasa ne.

Idan hunturu ya shigo ba a rufe shago gaba ɗaya. Gwajina shi ne faɗuwar rana: idan ta zama farin faifai ta ɓace tun ba ta kai kan bishiyoyi ba, ba na fitar da kaya, ƙurar za ta ci madubi a banza. Amma akan sami 'yan kwanaki da iska ta kwanta hazo ya sauka, dare ya yi sanyi ƙarara, sensa tana jin daɗin wannan fiye da kowane lokaci. A irinsu, Janairu da Fabrairu, nakan nufi wani hayaƙin mai lamba NGC 2392 a burujin Jauza'u, ƙarami mai haske da ke wucewa kusa da saitin kai inda hazo ya fi siranta, daƙiƙa 10 zuwa 15 kawai. Maris da Afrilu akwai M97 mai idon mujiya kusa da Merak a jikin ludayin arewa, wanda ke son awa biyu ko uku, zafin bazara kuma yana cika shi da yashi, sai an yawaita hotunan rufe. A kudu kuma akwai NGC 3132, zoben da madubin James Webb na sararin samaniya ya nuna cikin hotunansa na farko a Yulin 2022. Daga Ingila ba ya ko leƙowa, mu kuwa yana hawa mana digiri 37 a daren Maris. Sau biyu ina gwada shi hazo yana hana ni. Akwai wata gawo a gonar maƙwabcinmu da ke tsaye daidai inda yake bi, don haka bana zan zuba wasu ramukan siminti uku taku ashirin gabas da na yanzu, in an gama ɗebe kara.